Daminar da Baban Rahila Ya Yi Shiru

Bana marka ta zo da wuri. Yau kwana huɗu ke nan rabonmu da ganin rana a Romi. Wankin da na shanya a baranda ya fara warin danshi, gwiwoyina kuma sun hana ni zuwa ko bakin titi. In mutum ya kai shekaruna ya zauna haka ba abin yi, zuciya ce ke fita yawo. Tawa kullum wuri ɗaya take zuwa: wata damina da ta wuce shekara ashirin da wani abu, wadda na yi noma ni kaɗai alhali mijina yana ɗaki, hannuwansa da ƙafafunsa lafiya lau.

Sunana Hannatu, amma Maman Rahila aka fi sanina da shi. Mijina Yohanna a masaƙa yake aiki a Kakuri tun kafin ya je gida ya auro ni. Muna haya kusa da kamfanin, ba ma bukatar agogo, jiniya ce ke gaya mana lokacin ɗora tukunya da lokacin saukewa. Mutum ne mai surutu. In ya taso daga aiki, tun daga kwanar layi ake jin muryarsa yana tsokanar masu shayi, auduga fari fat a gashinsa.

Da bazara aka rufe masaƙar. An ce su je gida, za a neme su. Sati da sati yana tashi da safe, ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya je su zauna da sauran ma'aikata a gindin bishiyoyin bakin get. Ba a neme su ba. Da zaman Kakuri ya gagara, muka kwashe kayanmu muka dawo nan, cikin ɗaki biyu da ya fara ginawa bai gama ba. Ba filasta, ba silin, tagogi buhu muka rataya musu. Romi ta lokacin ba ita ce ta yanzu ba. Daga ƙofarmu kana hango gonaki har bakin rafi.

Zafin bazarar nan ban manta shi ba. Da tsakar rana kwanon rufi yakan yi ta ƙara kamar ana taka shi. Rijiyar maƙwabta ta koma laka, sai ka zura guga ka jira ta taru, ka tace da ɗankwali. Yara uku, Rahila da ƙannenta biyu, duk ƙuraje sun feso musu a wuya. Mangwaro ne ya riƙe mu, har ya zama in na ji ƙanshinsa zuciyata na tashi.

Wani dattijon Gbagyi ya ara mana gona a gangaren rafi. Mu 'yan kudancin jihar nan ne, noma ba baƙonmu ba ne, na ce a raina ai mun samu mafita. Tare muka yi shara, muka tara kara muka ƙona. Yohanna yana aiki, amma ba ya magana. Na ɗauka gajiya ce da rashin sabo, hannun da ya shekara goma sha tara yana ɗaura zare.

Ruwan shuka ya sauko wata Laraba da yamma, da iska mai ƙarfi da ta ɗage mana kwano ɗaya. Washegari ƙasa na ƙanshi muka fita, shi yana sara rami, ni ina binsa ina zuba masara ina rufewa da ƙafa. Kwana biyu muka yi haka. A rana ta uku, muna tsakiyar layi, sai ya tsaya. Ya ajiye fartanya a hankali, kamar mai tsoron kada ta fashe.

Na ce, "Baban Rahila, ƙaya ce?"

Ya ce, "A'a. Zan je gida."

Daga ranar bai sake taka gonar ba sai da kaka.

Ya kwanta ya juya fuska bango. Ba zazzaɓi, ba tari, ba ciwon kai. Rediyonsa da ba ya rabuwa da shi ya yi ƙura a kan taga. Ya daina zuwa sujada a coci, ya daina aski, wanka ma sai na yi ta magana. In na kai masa abinci ya yi loma biyu ya ture. In yara sun shigo suna wasa, sai ya ja zane ya rufe kai. Na tambaye shi me ke masa ciwo har na gaji, amsar ɗaya ce: ba komai.

Ni kuwa ga yadda ranata take. In tashi da asuba in ɗebo ruwa, in dama kunu, in sallami yara makaranta, in ɗauki fartanya. Ciyawa ta taso tare da masara kamar an shuka su tare. Noman farko na yi shi layi-layi, a duƙe, daga safe har rana ta take, bayana kamar zai rabu biyu. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, sai kashin kaji da nake roƙa a wani gidan kiwo in ɗauko a kai, in ruwa ya same ni a hanya ya riƙa gangaro mini a wuya. In dawo in tsinko rama da yakuwa a bayan ɗaki in ɗora fate. Da Yuli ya shigo, faten ya koma ganye zalla, tsakin sai ka nema da cokali. Da rana garin rogo ne da ruwa, ba suga, ba ƙuli. Na koyi ce wa yara ni na ci a gona.

Akwai ranar da har yau in na tuna nakan ji kunya. Na samu masara mudu biyu daga wata 'yar'uwa, na kai niƙa, na shanya garin a tabarma a ƙofar ɗaki, na ce masa ya sa ido. Na dawo daga gona na tarar akuyarmu da na maƙwabta sun cinye fiye da rabi, sun tattake sauran. Yana kwance, tsakaninsa da tabarmar bai kai taku biyar ba. Na jefar da fartanya na shiga kansa.

"Kai wane irin namiji ne? Kai kaɗai aka kora daga aiki? Abokanka suna acaba, suna leburanci, kai ka kwanta kamar gawa! Ko akuya ba za ka iya kora ba? Rago kawai!"

Na so ya tashi ya yi mini tsawa. Ko mari ne a ranar da na karɓa da murna. Bai ko juyo ba. Ya ce da wata ƙaramar murya, "Gaskiya kika faɗa, Hannatu."

Na fita na zauna kusa da garin da ya rage ina tsince kashin awaki, hawaye na zuba a ciki.

Kowa da abin da ya ce. Yayansa ya zo daga ƙauye, ya dube shi, ya ce jifa ne, wani ne ya yi masa hassada tun yana kamfani. Ya kawo saiwoyi da turare, muka yi ta hayaƙi har idanun yara suka yi ja. A coci aka sa shi cikin addu'a, aka yi mana azumin kwana uku. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in tambaye shi ko akwai zunubin da yake ɓoyewa. Ba na raina addu'a. Ita ta riƙe ni a tsaye a daminar nan, da ba don ita ba da ni ma na kwanta. Amma shi yana nan yadda yake, sai ma ramewa da ya ƙara yi.

Sai marka ta kama, irin ta bana. Ruwa ba ƙarfi, ba tsayawa. Itace ya jiƙe, sai in yi ta hura wuta hayaƙi na shiga ido. Robobi da tukwane a ko'ina cikin ɗaki suna tarar yoyo, katifa ta yi sanyi, bango ya yi kore. Rafi ya cika ya shanye layuka uku na ƙasan gonar.

Wata rana da hantsi na koma gida ɗauko buhu, na tarar ɗaki ba kowa. Farko murna na yi, na ce yau ya tashi. Sai na ga takalmansa a bakin ƙofa. Na bi sawun ƙafa a laka, ba hanyar gona ya bi ba, wata 'yar hanya ce da ke sauka inda rafin ya fi zurfi. Can na same shi tsaye, ba riga, ruwa na dukansa, yana kallon jan ruwan nan da ke tafe da itatuwa. Ban yi ihu ba. Na je na kama wandonsa ta baya da hannu biyu.

Na ce, "Baban Rahila, mu je gida."

Ya ce, "Da ba ni, da kun fi samun sauƙi. Baki ɗaya ya ragu."

Na ce, "In ka shiga, da ni za ka shiga, don ba zan saki ba."

Muka tsaya haka, ban san tsawon lokacin ba. Daga baya ya juyo ya biyo ni kamar yaro.

Daga ranar ban ƙara barinsa shi kaɗai ba. Ga masara na neman maimai, ciyawa ta kai gwiwa, ga shi ba dama in matsa. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon abincin shekara yana lalacewa, kuma ban iya gaya wa kowa dalili ba. Wa zan gaya wa? A lokacin in aka ji mutum ya yi irin wannan tunanin, ba shi kaɗai ba, har 'ya'yansa sai an riƙa nuna su.

Mama Kande, shugabar zumuntar mata ta cocinmu, ita ta lura na yi Lahadi biyu ban zo ba. Ta zo da lema, ta dube ni, ta leƙa ɗaki, ba ta tambaye ni komai ba. Ranar Asabar sai ga mata goma sha ɗaya da fartanyoyi, kowacce da ɗan ƙullin abincinta don kada su ɗora mini nauyi. Daga ƙofa ina jin waƙarsu tana tasowa daga gangare cikin yayyafi. Kafin la'asar sun gama abin da ruwa ya bari. Suka dawo jiƙe sharkaf, laka har cinya, suna dariya.

Bayan kwana kaɗan, wani mutum ya jingina keke a jikin bangonmu, ya rufe hularsa da leda. Malam Isyaku ne, wanda injinsa ke kusa da na Yohanna a masaƙa. A Tudun Wada yake, ƙetaren kogi, kuma a waɗancan shekarun na bayan rikici mutane ba sa son haye gada zuwa unguwar da ba tasu ba in ba dole. Ya ce ya tambayi tsofaffin abokan aiki, kowa ya ce ya daɗe bai ga Yohanna ba, shi ne ya yi ta tambaya har ya gano gidan.

Ya shiga ya zauna a bakin katifa. Na ji yana ta ba shi labarin mutanen kamfani, wane ya koma ƙauye, wane yana sayar da gwanjo. Ban ji muryar Yohanna ba. Bayan kamar awa ɗaya ya fito, ya tsuguna nesa kaɗan da murhu inda nake.

Ya ce, "Maman Rahila, zan tambaye ki, kada ki ɓoye mini. Yana barci?"

Na ce, "Kwanciya dai yake, idonsa biyu."

"Abinci fa?"

"Sai an yi da gaske."

Ya rage murya. "Ya taɓa cewa gara ba shi a duniya?"

Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin toka. Na ce, "Malam, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba wanda ya gaya mini. Ni ma na yi wannan ciwon, shekarar da babban ɗana ya rasu. Kin tuna lokacin da aka ce na tafi jinya ƙauye? Ba ƙauyen da na je. Ina ɗaki kamar yadda yake ɗin nan. An yi mini rubutu, an yi sauka, duk an yi. Ƙanina ne ya gaji ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa."

Na miƙe tsaye. "Asibitin Barnawa? Malam, mijina ba mahaukaci ba ne. Bai taɓa dukan kowa ba, bai taɓa tuɓe kaya a titi ba."

Ya ce, "To ni mahaukaci ne? Dube ni da kyau. Wata takwas ina zuwa can, na koma bakin injina, mijinki na gefena bai sani ba. Ciwo ne, Maman Rahila, kamar hawan jini. Yana da likitoci, yana da magani. Ku ci gaba da addu'arku, ni ma zan yi tawa. Amma jibi da safe zan dawo, mu kai shi."

Kwana biyun nan na yi su ina jayayya da kaina. Ina tunanin bakin mutane, ina tunanin wa zai auri Rahila in aka ce ubanta ya je can. Sai in tuna jan ruwan nan.

Malam Isyaku ya dawo kamar yadda ya ce. Yohanna ya ce ba inda za shi, a bar shi kawai. Malam bai yi masa wa'azi ba. Ya ce, "Yohanna, shekara nawa ina duba maka inji in ka fita shan iska? Na taɓa ce maka a'a? Yau ni nake roƙo. Ka ba ni rabin yini, in bai yi maka ba na dawo da kai da kaina." Ya ɗauko rigar da ke rataye ya miƙa masa. Can sai na ga hannu ya fito daga cikin zane ya karɓa.

Da muka sauka daga bas na ja ɗankwali na rufe rabin fuska. Na zaci zan ga mutane a ɗaure suna ihu. Abin da na gani benci ne cike da mutane irinmu, kowa riƙe da kati: wani da taye kamar daga ofis ya fito, wata Hajiya da 'yarta, wani Inyamiri da na sani yana sayar da kayan mota a Sabon Tasha. Har da wata mawaƙiyar cocinmu. Muka haɗa ido, kowa ya kau da kai.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ba ta yi sauri ba. Ta riƙa yi masa tambaya ɗaya-ɗaya tana jira, ko ya daɗe bai amsa ba ba ta matsa masa. A nan na ji abin da wata huɗu ban ji ba. Ya ce kullum yana jin kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Ya ce yana jin akuyar nan tana cin garin, yana ce wa kansa tashi, tashi, jikin ya ƙi. Ya ce kunyar haɗa ido da yaransa yake. Ya yi kuka kamar ba namiji mai shekara arba'in da biyar ba.

Ta ce sunansa ciwon damuwa, kuma ya yi tsanani. Ta ce ba lalaci ba ne, ba kuma raunin bangaskiya ba ne. Ta rubuta magani, ta ce ba zai nuna aikinsa nan da nan ba sai an yi makonni, kada mu daina, kada kuma a bar shi shi kaɗai tukuna. Ta haɗa shi da wani ma'aikaci da zai riƙa zama da shi suna magana duk zuwa. Har mun miƙe, sai ta dube ni.

Ta ce, "Ke fa, Mama? Yaya kike?"

Tun bazara ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Kowa jikin maigida yake tambaya. Ta miƙo mini kujera na koma na zauna.

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba. Sati biyu na farko ban ga canji ba, sai bushewar baki da jiri da yake kuka da su. Akuyar ma sayar da ita na yi saboda magani da mota. Yayansa ya aiko cewa na zubar musu da mutunci. A bakin rijiya in na iso hira takan tsaya. Sau biyu na ce a raina a bar zuwan nan haka. Malam Isyaku ne ba ya fashi, duk ranar asibiti yana bakin ƙofa da kekensa, ko ana ruwa.

A hankali ya fara barci. Ya fara fitowa ya zauna a rana. Wata safiya na ji yana tambayar Rahila abin da aka koya musu a makaranta.

Yanzu inda gonar take duk gidaje ne masu dogayen katanga, rafin ma an matse shi ya koma kamar kwata. Keke mai ƙafa uku na kai mutum asibitin daga ƙofar gidansa. A rediyo nakan ji likitoci suna bayanin wannan ciwon da Hausa, ana bugo waya ana tambaya. Duk da haka, in mata suka zo wurina a kan miji ko ɗa da ya shige ɗaki ya daina magana, sai sun leƙa waje sun rage murya tukuna. Nakan yi musu tambayoyin nan uku da aka yi mini a bakin murhu, in ce su shirya, zan raka su. Yohanna ya ƙara shekara goma sha shida a duniya, yana kiwon kaji. Ciwon ya dawo masa sau biyu, amma mun riga mun san hanya, shi da kansa yake cewa, "Hannatu, abin nan ya fara, mu je." Ciwon suga ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa, jikokinsa na wasa a tsakar gida.

Masarar waccan shekarar ba ta yi kirki ba. Abin da rafi da ciyawa suka bari bai kai rabin abin da na sa rai ba. Ranar da za a karya ta, ina ɗaura zane sai na ga ya sa takalmi ya ɗauki buhu. Ya yi layi biyu ya zauna yana haki, ya huta, ya tashi ya ƙara ɗaya.

Da yamma na tuƙa tuwon sabuwar masara da miyar karkashi. Na gaji tiɓis. Muka zauna a tabarma gaba ɗayanmu. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, sai ya ɓata fuska ya dube ni.

Ya ce, "Maman Rahila, wannan miya ce ko buhun gishiri kika juye?"

Yara suka tsaya da ci suna kallona. Mutumin da a da ba a gama cin abinci bai sami abin kushewa ba, wata shida ko toka na zuba masa ba zai ce uffan ba. Na ɗanɗana. Gishirin ya yi yawa ƙwarai, sau biyu na zuba ban sani ba.

Na ce, "In ba za ka ci ba, miƙo mini kwanona."

Ya janye kwanon zuwa gabansa, ya ce, "Wa ya ce miki ba zan ci ba? Ƙaro tuwo."